Na sa hannu an sayar da filin marayu, yanzu uwarsu tana tambayata

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne, shekaruna sun ɗan haura talatin. Mu uku ne maza a wurin mahaifiyarmu. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, babban yayanmu ne ya riƙe ni, ya biya mini kuɗin makaranta har na gama, shi ya yi mini aure. Wanda nake bi wa ya rasu shekarun baya kaɗan, ya bar mata da yara huɗu, babbansu namiji ne bai kai sha biyu ba. Ya bar fili a bayan gari. Bara Yaya ya kira ni ya ce ya samu mai saye da daraja, za a sayar a ajiye wa yara kuɗin, in zo in sa hannu a matsayin shaida. Na sa. Ashe masara ya saya da kuɗin ya tara a sito, farashi ya karye, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Matar marigayi ba ta ma san an sayar ba. Makon jiya ta tare ni a zaure ta ce, "Baffan yara, an ce an ga ana sauke bulo a filinmu, ka san wani abu?" Na ce zan bincika. Hajiyarmu tana fama da hawan jini, ba ta son jin ko tari tsakaninmu. Ni kuma na daɗe ina karanta maganganun masu falsafar Sitoyik a waya, sun taimaka mini sosai lokacin rasuwar. Suna cewa abin da ba ka da iko a kansa ka bar shi. Halin Yaya ba a hannuna yake ba, kuɗin kuma sun riga sun tafi. To in yi shiru in bar wa Allah? Na gwada, amma ba na barci.

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan ɗan'uwanka, ya kyauta namu zuwan, ya raya abin da ya bari.

Ƙanena, maganar da ka tsinta a waya tana da tushe, sai dai rabinta aka ba ka. Mai ita sunansa Efiktitas, ɗaya daga cikin malaman falsafar Sitoyik ta tsoffin Girkawa da Rumawa. An haife shi cikin bauta a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wajen shekara ta 50 miladiyya, ya yi bauta a birnin Rum a gidan wani sakataren Sarki Nero, ya samu 'yanci, sannan da Sarki Domishiyan ya kori masu falsafa daga birnin sai ya koma Nikofolis a ƙasar Girka ya buɗe makaranta. Almajirinsa Ariyan ne ya rubuta karatun da yake bayarwa, ya kuma tace wani ɗan ƙaramin littafi daga ciki, wanda ya buɗe da wannan rabon: akwai abin da yake hannunmu, akwai wanda ba ya hannunmu. Masu yanko maganar su liƙa a kan hoton wani gunki mai gemu galibi nan suke tsayawa. Shi kuwa ya ci gaba da lissafi. Jiki, dukiya, suna a idon jama'a, muƙami, waɗannan ba sa hannunmu. Hukuncin da muke yanke wa abu a zuci, da niyya, da abin da muka nema, da abin da muka guda, duk dai abin da yake aikinmu ne na kanmu, wannan namu ne.

To ɗauki ma'aunin ka auna lamarinka, amma ka auna shi duka. Farashin masara ba ya hannunka. Zuciyar Yaya ba ta hannunka. Ko zai yi fushi, ko dangi za su ce ka yi butulci, ko kuɗin za su dawo cas, duk waɗannan sun fi ƙarfinka, kuma kana da gaskiya da ka daina cin ranka a kansu. Amma "zan bincika" ɗin da ka ce wa matar nan a zaure, alhali ka san wanda ya saya da nawa ya biya, daga bakin wa ta fito? Sa hannun da yake kan takardar fa, na wane ne? Abin da yake tsakiyar tafin hannunka ka ɗauka ka cusa cikin tarin abin da ya fi ƙarfinka don ka samu sauƙi. Sauƙin ya ƙi zuwa, shi ya sa kake kwana ido biyu.

Akwai labarin fitilar Efiktitas da masu son haƙurinsa suke yawan kawowa. Yana da fitilar ƙarfe, ɓarawo ya shigo ta taga ya ɗauke. Bai tada hankalinsa ba, ya ce gobe zai sayi ta yumɓu, ya ƙara da cewa ɓarawon ne ya yi asara, don ya sayi fitila da tsada, ya biya da mutuncinsa. Labari mai daɗi. Amma ka lura, fitilarsa ce. Da Yaya kuɗinka ya cinye, da na ce maka in za ka iya ka yafe, ka tuna ɗawainiyar da ya yi da kai, ka wuce wurin. Filin nan kuwa na yara huɗu ne da ba su san ma'anar takardar ciniki ba. Ba ka da hurumin yin haƙuri a madadinsu.

Sitoyikawa sun ce ginshiƙan hali nagari huɗu ne: hikima, jarunta, kamun kai da adalci. Kasuwar waya ta fi sayen kamun kai, don shi ne mai sanyaya rai, sai aka jingine sauran ukun. Su kuwa mutanen da suka rayu da wannan karatu sun sha wuya a kan adalci. Shi Efiktitas ɗin da kansa yakan ba ɗalibansa labarin wani ɗan majalisar dattawan Rum, Helbidiyas Firiskas. Sarki Basfasiyan, wanda ya yi mulki daga 69 zuwa 79, ya aika masa cewa kada ya zo zaman majalisa. Ya ce sarki yana da ikon cire shi daga majalisa, amma muddin yana cikinta sai ya zo. Sarki ya ce to ka zo ka yi shiru. Ya ce kada a tambaye ni, sai in yi shiru. Sarki ya ce ai dole a tambaye ka. Ya ce to ni ma dole in faɗi abin da na ga daidai ne. Sarki ya ce zan kashe ka. Ya ce yaushe na ce maka ba na mutuwa, kai ka yi naka, ni in yi nawa. Daga baya kuwa aka kashe shi. Wannan shi ne mutumin da Efiktitas yake nuna wa ɗalibansa a matsayin wanda ya fahimci abin da yake hannunsa da wanda ba ya hannunsa. Rabon bai sa shi ya kama bakinsa ba, tsoron abin da zai biyo baya ya cire masa. Kuma ka duba sharaɗin da ya gindaya: in ba a tambaye ni ba. Kai an riga an tambaye ka.

Markus Oreliyas, wanda ya mulki daular Rum daga 161 zuwa 180, yana da wasu rubuce-rubuce da yake yi don tunatar da kansa, wani sashe ma a sansanin yaƙi ya rubuta shi a yankin kogin Danub. A ciki ya ce sau da yawa mutum yakan yi zalunci ta hanyar barin aikata abu, ba sai ta hanyar aikatawa kaɗai ba. Ban ga ana yawo da wannan a kan hotuna ba.

Kuma gaskiya ba sai ka je Rum ba. Kai malami ne, ka san ayar Suratun Nisa'i ta 135 da ta ce a tsaya da adalci a yi shaida domin Allah ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi na kusa. Ka san aya ta 10 a surar game da masu cin dukiyar marayu, ka san gargaɗin ƙarshen Baƙara a kan ɓoye shaida. Ba na kawo su don in tsorata ka, na kawo su ne don "bar wa Allah" da ka ambata. Allah ɗin da kake son bar wa ya riga ya faɗi abin da yake so daga mai shaida. Su Sitoyikawa mutanen wani zamani ne da wata aƙida, sun yarda da alloli da yawa, fahimtarsu game da Ubangiji da lahira ta yi hannun riga da tamu. Ka ɗauki dabarunsu na gyaran zuciya, suna da amfani, amma hukuncin filin nan a gida yake.

Hukuncin ma ya fi yadda kake zato nauyi. Tun da marigayi ya bar ɗa namiji, kai da Yaya ba ku da ko taku ɗaya a gadon. Matarsa tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Hajiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Sauran na yara ne. Ke nan ba marayu kaɗai aka taɓa ba, an sayar da haƙƙin manyan mata biyu masu hankalinsu ba tare da an tambaye su ba, ɗaya kuma ita ce mahaifiyarku. Sannan a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke bi, ikon taɓa dukiyar yaro na uba ne, sai wanda uban ya bar wa wasiyya, sai alƙali. Zama babban wa kawai ba ya ba mutum wannan ikon, sai fa in marigayi ya bar masa wasiyya, kai kuma ba ka ambaci haka ba. Ko cinikin ya tsaya ko bai tsaya ba, wannan na malamin gado ne da alƙali. Abin da nake so ka riƙe shi ne lokaci ba ya tare da ku. Mai sayen yana sauke bulo, kuma wataƙila shi ma da zuciya ɗaya ya saya. Warware magana a kan fili tsirara daban, warware ta bayan an kai linta daban.

Yanzu ga inda ya fi ci maka rai, wato Yaya. Ba zan ce maka ka manta da alherinsa ba, wanda duk ya ce maka haka bai san zafin maraici ba. Su kansu Sitoyikawa sun yi ta kai-kawo a kan irin wannan. Sisaro, wani marubuci kuma ɗan siyasar Rum, a littafin da ya rubuta wa ɗansa kan wajibai a shekara ta 44 kafin miladiyya, ya kawo tambayoyin wani malaminsu mai suna Hekato na tsibirin Rodas. In uba yana satar dukiyar ɗakin bauta ko baitulmali, ɗa ya kai ƙararsa? Hekato ya ce a'a, ya ma kare shi in an tuhume shi, don ƙasa tana amfana da 'ya'ya masu biyayya ga iyaye. To in uban yana shirin cin amanar ƙasa fa? Ya ce ɗan ya fara roƙonsa ya bari. In bai ji ba ya tsawata masa, har ya yi masa barazana. In abin ya kai ga halakar jama'a, ya fifita jama'a. Ni ban gamsu da amsarsa ta farko ba, kuma mu da muka ga abin da "ai namu ne" ya yi wa baitulmali muna da dalilin ƙin gamsuwa. Amma matakan da ya jera a ta biyu suna da hikima: roƙo tukuna, sannan tsawa, sannan a fita waje. Kuma ko da ka bi Hekato ka ce jini ya fi komai, lissafin bai ba ka mafita ba. Yaran nan ma jininka ne. Uban da ya haife su ciki ɗaya kuka fito.

Efiktitas yana da wata magana kamar don kai ya yi ta. Ya ce kowane abu yana da mariƙi biyu, ɗaya ana iya ɗaukarsa da shi, ɗaya ba a iyawa. In ɗan'uwanka ya yi ba daidai ba, kada ka kama ta wajen laifin, ka kama ta wajen cewa ɗan'uwanka ne, tare kuka tashi. Wasu suna fassara wannan da kau da kai. Ni ina ganin yana gaya maka ta inda za ka shiga ɗakin ne. In ka shiga a matsayin mai tuhuma, Yaya zai miƙe ya kare kansa, a tashi baram-baram. In ka shiga a matsayin ƙanen da ya ga wansa ya faɗa rami, akwai magana. Hadisin da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta ya bayyana taimakon azzalumi da cewa a hana shi zaluncin. Ina kyautata zaton Yaya bai tashi da niyyar cin dukiyar marayu ba. Ya ga masara tana hawa, ya ce bari in juya in mayar musu da riba, kasuwa ta yi masa halinta, kunya ta rufe masa baki. 'Yan kasuwa da yawa sun shiga wannan ramin da kuɗin amana. Wannan bai wanke shi ba, amma yana nufin wataƙila shi ma ba ya barci, yana jiran wanda zai buɗe masa ƙofa.

Saboda haka ka same shi shi kaɗai, a gidansa, bayan isha. Ban da saƙon waya, ban da majalisa, ban da gaban matansa. Kuma kada ka je ranar da ranka yake tafasa. Senika, wani malamin Sitoyikawa a Rum, ya ce babban maganin fushi jinkiri ne, sai dai jinkirin kwana ɗaya ko biyu nake nufi, ba na shekara ba. Kafin ka tafi ka yi abin da Sitoyikawa suke koya wa ɗalibansu, ka zauna ka hango abin da za ka tarar don kada ya zo maka ba-zata. Zai ce, "Ni za ka tuhuma? Ni da na raine ka?" Zai iya cewa matar ce ta zuga ka. Zai iya yin shiru ya ƙura wa tabarma ido, wanda ya fi duka wuyar ɗauka. In maganar raino ta zo, kada ka kauce mata, ka karɓe ta hannu biyu: "Haka ne Yaya. Ni maraya ne ka riƙe, ban taɓa kwana da yunwa ba, ban taɓa zama a gida don kuɗin makaranta ba. Abin da ka yi mini nake so a yi wa 'ya'yan marigayi." Sannan ka faɗi naka a fili: "Sunana yana kan takardar nan. Maman yara ta tambaye ni, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Na fi so ta ji daga bakinka." Ku sa rana, kada ta wuce mako.

Abin da za ka nema a wurinsa mai iyaka ne. A faɗi nawa aka sayar, nawa ya rage a sito ko a hannu, a rubuta sauran a matsayin bashi a kansa, da yadda zai biya da lokacin biya, in yana da kadara a jingina ta. A yi a gaban shaidu, har da wani daga dangin matar, da wani babba da Yaya yake jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa. Ka ajiye hoton takardar cinikin tun yanzu. In ya amince, an rufa wa kowa asiri a cikin gida. In ya ƙi, akwai mai unguwa, akwai Hisba a inda take, akwai kotun shari'a, kuma zuwa can ko rashin zuwa shawarar matar ce da danginta. Naka shi ne in an kira ka ka faɗi abin da ka gani.

Akwai wata hanya da zuciya za ta kawo maka, gara in riga ta. Za ta ce ka yi shiru, amma ka riƙa kai wa yaran shinkafa, ka ɗauki kuɗin makarantar ɗaya daga cikinsu, a haka ka fanshe. Ka kai shinkafar, baffa kake, aikinka ne. Amma sadaka ba ta zama madadin haƙƙi, kuma duk ranar da matar ta gano, kowane buhu da ka kai zai koma mata toshiyar baki. Shi Senika ɗin da na ambata izina ne a nan. Ya rubuta abubuwa masu kyau a kan fushi da rahama, ya zauna kusa da Nero a matsayin malami da mashawarci, ana iya cewa don ya rage ɓarna. Da Nero ya sa aka kashe mahaifiyarsa a shekara ta 59, masanin tarihi Tasitas ya ce Senika mutane suka zarga da tsara wasiƙar da aka kai majalisa don wanke sarkin. Bai tsira ba ma, a shekara ta 65 Nero ya umarce shi ya kashe kansa. Mai rufa wa babba asiri don a zauna lafiya yakan fara da shiru, sai wata rana a miƙo masa alƙalami. Kai an riga an miƙa maka sau ɗaya. In mai sayen ya nemi ƙarin takarda, ko matar ta je kotu aka buƙaci wanda zai ce da saninta aka sayar, wa kake jin za a kira?

Game da Hajiya, na fahimci tsoronka, kuma a kula da yadda za a gaya mata da wanda zai gaya mata. Amma kada ku raina ta. Matar da ta binne miji ta binne ɗa ta ɗauki abin da ya fi wannan. Tana da kaso a filin, jikokinta ne abin ya shafa, kuma a irin gidajenmu ba wuya ta riga ta ji ƙishin-ƙishin. Ta ji daga bakin 'ya'yanta tare da takardar yadda za a biya ya fi mata sauƙi a kan ta ji a gidan suna, ko ta ga ɗan aike da sammaci a ƙofar gida. Wataƙila ma kalma ɗaya daga gare ta ta yi wa Yaya abin da kai da liman ba za ku iya ba.

Ba zan yi maka alkawarin za a rabu lafiya ba. Yaya zai iya ɗauke maka gaisuwa na wani lokaci, wasu a dangi za su ce boko ya ɓata ka. A nan ne karatun da kake yi a waya zai yi maka aikinsa na gaskiya. Ka ci gaba da zuwa gaishe shi ko ya amsa ko bai amsa ba, kada ka kai maganarsa majalisa, kada ka bari matarka ta ɗauki gaba da nasa iyalin.

In kuma maman yara ta sake tare ka kafin ranar da kuka sa, kada ka ƙara ce mata kana bincike. Ka ce mata an sayar, kana cikin shaidu, ka sa hannu ba tare da ka tabbatar da saninta ba, kana neman afuwarta a kan wannan. Ka gaya mata ranar da za a zauna, ka ce ta zo da wanta ko wani nata da ta amince da shi.